Ubale Mai Yajin Maza da Surukinsa

A shekarar 1953 aka turo ni Tudun Wada in riƙe ɗakin shan magani, bayan na yi shekaru a Ikko ina koyon aikin asibiti. Da na dawo sai na tarar da abubuwa da yawa waɗanda na tashi a cikinsu amma ban taɓa tsayawa na dube su ba. Ɗaya daga ciki ita ce rumfar Baba Ubale.

Rumfar tana can ƙarshen layin 'yan koli, kusa da inda ake ɗaure jakuna. Mai wucewa ba zai ga abin mamaki ba: allura da zare, kwalli, madubi, ɗan kanumfari da citta a kan faifai. Abin da ya sa aka san shi tun daga Kiru har Doguwa yana bayansa, a rufe da tsohon buhu. Tandun zuma ne, da kwandon aya, da dabino, da kantun riɗi, da wani ɗan tulu cike da yajin da yake haɗa wa magidanta waɗanda ƙarfinsu ya ja baya a ɗakin aure.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon harbin zuma. Gidansa yana Burumburum, kuma manomi ne kamar kowa a can. Amyoyinsa suna rataye a kan ɗorawa da kaɗanya a bakin dajin Falgore, shi yake hawa ya ɗebi zumarsa da kansa har bayan furfura ta cinye masa gemu. Ayar a gonarsa yake noma ta. Citta fatake suke kawo masa daga kudancin Zazzau, dabino kuma daga Kano. Saiwar gagai ce kaɗai ba wanda ya san inda yake tono ta. A wurin wani kawunsa ya koyi sana'ar, ya ce kuma kawun ya fi shi hannu amma bai kai shi haƙurin sauraron mutane ba.

Ranar kasuwa idan na tashi daga aiki nakan je in zauna a gefen tabarmarsa. A nan na koyi gane masu zuwa don abin da ke bayan buhu. Sai mutum ya tsuguna ya ɗauki madubi, ya juya shi, ya ajiye, ya tambayi farashin allura, yana ta waige har wurin ya yi sauƙin jama'a. Sannan ya sassauta murya.

"Baba, wani abokina ne ya aiko ni."

"Allah sarki. Abokin naka gurgu ne?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau."

"Da lafiyarsa ƙalau ai da bai aiko ka ba. Je ka ce masa ya zo da ƙafarsa."

Sai mutumin ya tashi, ya zaga kasuwa, ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba, ni ne abokin." Ni kuma sai in miƙe in ba su wuri.

Wannan ita ce ƙa'idarsa, kuma ban taɓa ganin ya karya ta ba: ba ya ba ɗan aike. Sai ya ji daga bakin mai abin me yake ci, wane aiki yake yi, yaya barcinsa, yaya fitsarinsa, ko akwai abin da ke damun ransa. Ya ce mini yaji ɗaya ba ya yi wa kowa; mai basir idan aka ba shi mai barkono an hana shi zama ke nan. Saurayi ba ya samun komai a wurinsa sai faɗa. Wani dattijo daga Dangora da ya zo yana neman abin da zai mayar da shi ɗan shekara ashirin, aya da dabino kawai ya auna masa, ya ce ya jiƙa ya riƙa sha, ya kuma gode wa Allah da abin da ya rage masa.

Ni ba zan rantse a kan gagai ba, don ba ni da hanyar gwada shi. Amma yawancin abin da yake bayarwa abinci ne, zuma da madara da ƙwai da gyaɗa da romon zakara, kuma yawancin masu zuwa wurinsa mutane ne da aiki ya fi cimarsu yawa. Shi ma bai taɓa ce wa kowa yana da abin da ba ya kuskure ba.

Wata ranar Laraba da hantsi, bazara ta fara taruwa, sai na gan shi a bakin ɗakin shan magani. Bai taɓa zuwa ba. Ya jira har layi ya ƙare, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Malam Balarabe, yarinyar nan ta dawo gida."

Na san wadda yake nufi. Luba ce, 'yarsa ta fari, wadda saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kuma zama su yi doguwar magana. Tana auren wani Hamidu, lebura a wurin haƙar kuza a Riruwai, yaro mai ladabi wanda kowa ke yabo. Sun yi shekaru tare ba haihuwa. Ashe abin ya wuce rashin haihuwa. Luba ta gaya wa kakarta, Iya Asibi, uwar Baba Ubale, cewa ita da mijinta sun daɗe da zama kamar wa da ƙanwa. Ba ta ƙin sa, kuka ma take yi idan an ambace shi, amma ta ce idan aka yi girbi ba abin da ya sake, za ta je wurin alƙali a raba su.

Na ce, "To Baba, ai wannan aikinka ne."

Ya ɗago ya dube ni kamar na faɗi wani abin banza. "Surukina ne fa, Malam. Yaron da in ya hango ni a hanya sai ya cire takalmi ya shiga gefen gona ya tsuguna. Ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba. Shi zan zaunar in tambaye shi yadda yake kwana da 'yata?"

Ya ce makonni da suka wuce wani lebura ya zo daga Riruwai da maganar aboki, ya kore shi kamar yadda ya saba. Sai yanzu ya gane wannan karon abokin na gaske ne, Hamidu ne, kuma ba zai taɓa zuwa da ƙafarsa ba. Na ce to ya haɗa ya aika masa mana, sau ɗaya dai. Ya girgiza kai. Ya ce idan bai yi wa baƙo haɗin makanta ba, ba zai yi wa mijin 'yarsa ba.

Dabarar da ya zo da ita ta Iya Asibi ce. Kaka ba ta da kunya da mijin jikarta. Abokin wasanta ne, mijinta ma take kiransa. Ita za ta yi tambayoyin, shi kuma zai zauna a bayan zana ya saurara. Abin da ya kawo shi wurina shi ne in zauna tare da shi, ko akwai abin da kunnena zai kama wanda nasa ba zai kama ba.

Ranar Juma'a Hamidu ya zo biko. Aka ce masa maigida ya tafi daji duba amya. Mu kuwa muna zaune a wani ɗan lungu tsakanin rumbu da rumfar Iya, zana ce kawai ta raba mu da su. Baba Ubale ya shimfiɗa buzunsa a ciki, muka cire takalma a bakin lungun muka shiga.

Muka ji sallamarsa, murya ƙasa-ƙasa.

Iya ta ce, "A'a, wa nake gani kamar mijina? Shigo, shigo. Kai, dubi wuya kamar na zalɓe! Kuzar kake ci ne a can?"

"Iya, barka da hutawa. Mun same ku lafiya?"

"Me ka ce? Ɗaga murya, kunnen nan ya riga ni tafiya Makka."

Kunnenta ba abin da ya same shi, na sha ganin ta tsinci gulma daga ƙetaren danga. Hamidu ya ɗaga murya.

"Me kake ci da safe?"

"Garin rogo, Iya."

"Da rana fa?"

"Shi ɗin ne. Wani lokaci da ƙuli."

"Yarinyar ba ta tuƙa maka tuwo?"

"Tana yi. In na dawo barci ke ɗauke ni da lomar a hannu."

"To ni da kake cewa za ka aura, da garin rogo za ka riƙe ni? Aikin naka a tudu yake ko a ruwa?"

Ya ce a ruwa yake, har gwiwa, wani lokaci har ƙugu, tun safe har rana ta yi sanyi, suna wanke ƙasa suna tace kuza. Ta tambaye shi bayansa, ya ce yana ciwo. Ta tambaye shi fitsari. Sai da ta buga sandarta a ƙasa sannan ya ce akwai ɗan jini a ƙarshe, amma wannan ai ba komai ba ne, tun yana yaro yake gani, kowa ma a barikin haka yake, an ce alamar namiji ce.

Baba Ubale ya taɓa gwiwata. Na gyaɗa kai. Tsargiya ce, kuma ta daɗe tana shan jininsa.

Daga nan Iya ta sauke murya, ta bar wasa. Ta ce, "Hamidu, ni na haifi uban matarka, ba abin da ban gani ba. Sha'awar ce ta tafi, ko tsoro ne ya shigo?"

Da ya yi magana ba mu ji duka ba, sai dai ya ce tun da abin ya faru sau ɗaya, duk lokacin da ya doshi ɗaki sai gabansa ya faɗi, har ya koma neman aikin da zai sa ya dawo a gajiye don ya sami hujja. Ya ce, "Iya, in ta tafi ba zan ga laifinta ba. Amma ban san yadda zan yi da raina ba."

Na dubi Baba Ubale. Idonsa a rufe yake, yana jan gemunsa a hankali.

Iya ta ce ya je ɗakin shan magani a Tudun Wada a duba shi, ya ce to. Ya yi mata sallama ya tashi. Muka ji takunsa ya nufo hanyar fita, wadda ta bi ta bakin lungunmu. Sai takun ya tsaya.

Takalman Baba Ubale ne ya gani. Na fata ne, jajaye, masu faci a dunduniya, duk Burumburum an san su. Ga su a jere kusa da nawa, a inda kowane mai hankali yake barin takalmi idan zai hau buzu. Ba wanda ya tuna da su a cikinmu.

Ya kamata Hamidu ya tsuguna ya gai da surukinsa. Idan ya gaishe shi kuwa, ya nuna ya san an ji duk abin da ya faɗa. Muka ji ya ja da baya. Bai bi ta zaure ba. Ta bayan gida ya ɗaga dangar kara ya fice. Bai tsaya ganin Luba ba.

Bai zo ɗakin shan magani ba. Aka aika Riruwai, ya ce aiki ya yi yawa. Aka sake aikawa, ya aiko da turmin atamfa ga Luba da saƙon cewa duk abin da ta yanke ya yarda. Iya Asibi ta yi ta zagin ɗanta, ta ce ƙato da shi bai san ya ɓoye takalmi ba. Shi kuwa bai kare kansa ba. Kasuwa ta ci sau da dama yana zaune a rumfa kamar ba ya nan.

Da aka yi ruwan shuka sai na ji wai Baba Ubale ya karɓi wata tsohuwar saura kusa da rugar Fulani, babba ƙwarai, wadda ta fi ƙarfin gidansa. Mutane suka yi ta mamaki, mutumin da gonarsa ta ishe shi. Sannan ya aika wa mahaifin Hamidu da goro, ya ce tsufa ya kama shi, ga gona ta yi masa yawa, yana roƙon a ba shi aron surukinsa ya taya shi aikin damina. Wannan saƙo ba shi da amsa biyu. Saurayin da ya yi wa uban budurwa noma kafin a ba shi ita ba zai ce ba shi da hali ba ranar da uban ya ce ya gaza. Uban Hamidu da kansa ya je Riruwai ya taso shi.

Baba Ubale bai bar shi shi kaɗai a gonar ba. Ya haɗa shi da 'ya'yan ƙannensa da wasu magidanta na unguwa da suka yarda su yi aikin a raba amfani. Ya sauke Hamidu a gidan wani maƙwabci. Shi kansa kuma ba ya zuwa gonar sai ya tabbata sun tashi.

Abincin ma'aikata daga rumfar Iya yake fitowa. Da safe kunun aya da dabino, an zuba zuma har cokali yana kamawa. Da rana fura da kindirmon ruga da man shanu, da dafaffen ƙwan zabi, don lokacin nasa ne. Da yamma tuwo da miyar da aka yi da zakara ko kan akuya, ga yaji a ɗan ƙoƙo. Yajin Baba Ubale ne ya haɗa shi daidai da abin da ya ji a bayan zana: citta da kanumfari da masoro da kimba, riɗi da yawa, barkono kaɗan, gagai kuma sai da aka yi nisa ya fara sakawa.

Na ce masa, "Baba, me zai hana a ware wa Hamidu nasa akushin? Wannan ai kayan shekara guda kake zubarwa."

Ya ce, "In na ware masa, magani na ba shi. In kowa ya ci, abincin gona ne."

Saura allurar tsargiya. Ita ma dabarar Iya ce. Ta bi su har gona da sandarta, ta ce ita ba za ta ciyar da ƙattin da ke fitsarin jini ba, duk mai shi ya tafi Tudun Wada ko ya bar mata ƙwaryarta. Sai ga su sun zo mini su da yawa, suna tsokanar juna a layi, Hamidu a tsakiyarsu. Ya gan ni, na gan shi. Na tabbata ya gane takalman da nake sanye da su. Muka gaisa kamar ranar muka fara haɗuwa. Allurar tsargiya tana da wahala, tana sa amai da kasala, kuma sai an yi ta dawowa. Wasu suka gudu bayan ta biyu. Shi bai taɓa fashi ba.

Luba ce take ɗaukar abincin zuwa gona. Wannan ma ba wanda ya ce ta yi don wani abu. Iya dai ta ce ƙafafunta sun gaji. Da fari takan ajiye ta juya. Daga baya aka ce tana tsayawa har a gama ci don ta dawo da ƙore. Da aka kai maimai, matan unguwa sun fara cewa ƙoren nan suna daɗewa kafin su iso gida.

Kafin dawa ta fid da kai, bayan buhun Baba Ubale ya zama wayam. Zuma ta ƙare, aya ta ƙare har da wadda ya ajiye don iri, zakarun gidan duk sun shiga tukunya. Mutane suna zuwa daga Bebeji da Kiru, su juya madubi, su sassauta murya, sai ya ce, "Bana babu, sai Allah ya kai mu baɗi." Wasu suka ce ƙudan zumarsa ne suka gudu, wasu suka ce hannunsa ne ya mutu. Wasu suka koma wurin wani mai tallar garin magani a kwalba da ya fara zuwa kasuwar, ba su kuma dawo ba. Bai yi wa kowa bayani ba. Allura da kwalli ya yi ta sayarwa, kuma a wannan shekarar ban ga ya ɗinka sabuwar riga ba ko da salla.

Duk wannan lokacin bai san ko abin yana yi ba. Ba shi da wanda zai tambaya. Ni ma da na ga Hamidu ya yi ƙiba, idonsa ya yi ja bayan da fari fat yake, iyakar abin da zan iya ce wa Baba Ubale ke nan. Ya ce, "Jiki daban, Malam, zuciya daban. Ita ba ni da yajinta."

Aka yanke gero, aka shiga dawa. Wata ranar kasuwa muna zaune sai ga Iya Asibi a kan jaki, wani jikanta yana ja. Shekaru ke nan ba ta taka kasuwa ba. Baba Ubale ya miƙe da sauri ya tare ta, ya sauke ta, ya zaunar da ita a kan tabarma.

"Iya, lafiya? Me ya fito da ke cikin ranar nan?"

Ta ce, da ƙarfi yadda duk layin 'yan koli zai ji, "Ƙara na kawo. Mijin nan nawa da na yi damina ina ciyarwa ya yashe ni. Ya kwashe yarinya jiya, ko sallama ba su yi mini ba. Ita kuma marar kunyar, na ce ina maganar alƙali, ta ce wane alƙali?"

Maƙwabtan rumfa suka fashe da dariya, su a ganinsu wasan kaka ne kawai. Baba Ubale ya sunkuyar da kai yana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

Ya ce, "Iya, kasuwa ce fa nan."

"To a saya mini goro mana, tun da kasuwa ce."

Ya tashi da kansa ya nufi layin masu goro, ya daɗe bai dawo ba.

Hamidu bai koma Riruwai ba. Saurar nan ya ci gaba da nomawa, ya yi gida a kusa da ita, shi da Luba.